Babi na Shida: Bardi da Laifin da Ake Ɗora Masa

A kudancin Tafkin Chadi, da gefen Tafkin Victoria, da tsakiyar fadamar Sudd ta Sudan ta Kudu, akwai wani tsiro da ke tsaye cikin ruwa rani da damina, tsawonsa ya kai mita 4 zuwa 5. Karansa kore ne shar, mai kusurwa uku, ba shi da gaɓa kuma ba shi da ganyen kirki, sai wani tukku mai bazuwa a kansa. Larabawa suna ce masa bardi, Turawa fafirus, masana tsirrai kuwa sun ba shi sunan Cyperus papyrus, sun haɗa shi dangi ɗaya da aya da aya-aya da kajiji. Yawancin waɗanda suka taɓa jin labarinsa sun san shi ne da takardar mutanen Masar ta dā. Amma a ofisoshin kula da koguna da madatsun ruwa akwai wani sunan da ake yi masa, wato muguwar ciyawa. Ana zarginsa da toshe hanyar jirage, da shanye ruwan da gonaki suke jira, da tara sauro, da mamaye duk fadamar da ya samu shiga. Wannan zargi yana da ƙamshin gaskiya, kuma za mu bi shi ɗaya bayan ɗaya. Abin da wannan babi yake son tabbatarwa shi ne, a ƙasarsa ta asali bardi ba ya yaɗuwa ko ja da baya don ƙarfin kansa. Ruwa yake bi. Inda ruwa ya zauna ya ƙi tafiya, zai cika wurin. Inda aka janye ruwan, zai mutu ko da ana lallashinsa. Saboda haka duk shirin yaƙi da shi da bai fara da tambayar wa ya canja tafiyar ruwan ba, asarar kuɗi ne da ƙarfi.

Kafin a yanke hukunci sai an san yadda tsiron yake rayuwa, domin daga nan zargin ya samo tushe. Abin da ido yake gani a sama rabin labari ne. A ƙarƙashi akwai saiwa mai kauri da ke rarrafe cikin laka, tana fitar da sabon kara a kowane ɗan taki, tana saƙuwa da 'yan'uwanta har su zama shimfiɗa mai kaurin mita guda ko fiye. Wannan shimfiɗa tana iya rabuwa da ƙasa ta yi iyo a kan ruwa, kuma idan iska ko ambaliya ta yage wani yanki, sai ya zama tsibiri mai tafiya, ya je ya maƙale a wata kwana ta kogi ya kafa sabon zama. Bardi yana cikin tsirran da suke sarrafa hasken rana ta hanyar da masara da dawa da rake suke bi, hanyar da ta fi dacewa da zafi, shi ya sa yake cikin masu saurin girma a duniya. Idan aka sare shi ko aka ƙone shi, kafin shekara ta zagayo ya mayar da jiki. Inuwarsa ba ta barin ƙananan tsirrai su tashi, ruwan da ke ƙarƙashin shimfiɗarsa kuma ba shi da isasshiyar iskar shaƙa. Duk waɗannan halaye ne na mai mamaya. Sai dai yana da rauni guda uku da masu zarginsa ba su cika ambata ba: ba ya jure ruwan gishiri ko kanwa, ba ya jure sanyi mai tsanani, kuma ba ya rayuwa idan saiwarsa ta bushe tsawon watanni.

Wannan rauni na uku shi ne ya raba shi da 'yar'uwarsa da ta ɓata wa dangin suna. Duk manomin lambu ya san aya-aya. A shekarar 1977, LeRoy Holm da abokan aikinsa sun wallafa wani littafi a kan ciyayin da suka fi cutar da noma a duniya, suka sa aya-aya a lamba ta ɗaya, domin an same ta tana damun gonaki a ƙasashe fiye da 90. Ƙarfinta yana cikin 'yan ƙwayoyin da take binnewa a ƙasa, waɗanda suke kwana rani ba ruwa, kuma fartanya ba ta kashe su, sai ma ta rarraba su. Ita kanta ayar da muke ci, wadda ake nomawa sosai a yankin Maraɗi ana yin kunu da ita, ta shiga wannan jeri, domin a gonakin Amurka da Turai irinta na daji annoba ce. Bardi ba shi da wannan makami. Ba ya iya shiga gonar gero, ba ya zama a jigawa, ba ya ajiye ƙwaya a ƙasa yana jiran damina. Iyakarsa ita ce iyakar ruwa mai zama. Wanda ya ji cewa dangin aya-aya ne ya ɗauka halinsu ɗaya, ya yi wa tsiron hukunci da laifin wani.

Babbar hujja a kan haka tana Masar. Babu ƙasar da bardi ya taɓa samun gata kamar can. Fadamun bakin Nilu cike suke da shi, ana yin kwalekwale da igiya da tabarma da takalmi da shi, ana cin gindinsa, ana sassaƙa ginshiƙan haikali da siffarsa. Totuwar cikin karan ake yankawa siriri-siriri, a jera a tsaye, a jera wasu a kwance a kansu, a danne su bushe, su zama takarda. A shekarar 2013 masu tonon tarihi ƙarƙashin Pierre Tallet sun gano a Wadi al-Jarf, gaɓar Bahar Maliya, rubutun wani jami'i mai suna Merer, wanda yake lissafin jigilar duwatsu daga Tura zuwa Giza a zamanin Fir'auna Khufu, kimanin shekaru 4,500 da suka wuce. Musulmi ma da suka buɗe Masar a kan bardi suka riƙa rubuta harkokin mulki. Akwai wata takardar shaidar karɓar tumaki 65 don rundunar Musulmi, da Larabci da Girkanci, mai ɗauke da shekara ta 22 bayan Hijira, zamanin Sayyidina Umar, tana ajiye a birnin Vienna. Amma zuwa ƙarni na 19 wannan tsiro ya yi wuyar gani a Masar. Ba a yi masa feshin guba ba, ba a kafa hukumar yaƙi da shi ba. Takardar da aka koyo daga Sin ta kashe kasuwarsa tun wajajen ƙarni na 10, rassan Nilu suka cike da laka har suka koma biyu, aka zuƙe fadamu aka mayar da su gonaki, aka ɗaure kogin da madatsu tun daga zamanin Muhammad Ali. Sai a 1968 aka sake cin karo da ɗan ragowarsa a Wadi Natrun, kuma da Hassan Ragab ya so farfaɗo da sana'ar takardar a shekarun 1960, sai da ya nemo iri daga Sudan. Tsiron da ake cewa ba ya kasuwa ya kusa ƙarewa a gidansa, musamman don an ɗauke masa ruwan da yake tsaye a ciki.

Idan aka juya al'amarin, sakamakon ma juyawa yake yi. Tsakanin 1961 da 1964 an yi ruwan sama mai yawa a gabashin Afirka, har Tafkin Victoria ya ƙaru da kimanin mita biyu da rabi. Ruwan da ke gangarowa Farin Nilu ya yi yawa ƙwarai, fadamar Sudd ta faɗaɗa, wuraren da a dā ruwa yake rufewa da damina ya janye da rani suka zama fadama ta dindindin. Bardi da makamantansa suka shiga, makiyayan Dinka da Nuer suka rasa wani ɓangare na makiyayar da suka saba kai shanu da rani. Babu abin da ya canja a jikin tsiron cikin waɗannan shekaru. Ruwan ne ya canja. A Tafkin Chadi ma haka aka gani ta wata fuska. Bardi ya fi yawa a kudu, inda kogin Shari yake zuba ruwan daɗi, yana raguwa idan aka nufi arewa inda kanwa take ƙaruwa. Da farin shekarun 1970 ya rage tafkin, wanda a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, sai ya rabu gida biyu, buɗaɗɗen ruwa mai zurfi ya koma fadama marar zurfi, tsirran fadama suka rufe hanyoyin da jirage suke bi. Masunta da 'yan kasuwa sun ga ciyawa ta tare musu hanya, amma fari ne ya yi mata shimfiɗa.

Mutanen Haɗeja da Nguru ba sa bukatar a kai su nesa kafin su gane wannan. Abin da ya dame su kachala ce, wadda ba dangin bardi ba ce a wurin masana, amma tsayinta da zamanta cikin ruwa da yaɗuwarta ta saiwa duk sun yi kama da nasa. Kachala ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A dā kogin Haɗeja yana cika da damina ya malala cikin fadamu, da rani kuma ya ƙafe, ƙasa ta tsage, shanu su shiga su kiwata, wuta ta cinye abin da ya rage. Wannan bushewar ta kowace shekara ita ce take riƙe da kachala a 'yan lunguna. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ambaliyar damina mai ƙarfi da take wanke hanyoyin ruwa ta ragu, aka kuma riƙa sakin ruwa da rani don noman rani da shan birni. Kogi mai cika da ƙafewa ya koma mai tafiya a hankali duk shekara, yana ajiye laka. Kachala ta samu abin da take so. Ta toshe tsofaffin hanyoyi, ruwa ya karkata ya cika hanyar Marma da ke zuwa Nguru, wasu garuruwa gonakinsu suka nutse shekara da shekaru, wasu kuma ruwan ya daina isa gare su. Jan baki ya samu wurin kwana da sheƙa, yana fitowa ya afka wa shinkafa da dawa. An sha fita aikin gayya da adduna, an sha kawo injinan yasa, amma kachalar tana dawowa. A ƙasar Senegal da Muritaniya an ga irin wannan bayan gina madatsar Diama a 1986, wadda ta hana ruwan teku hawowa kogin da rani, ta tsayar da ruwan daɗi wuri ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Mai sukar wannan ra'ayi zai ce, to ai Sudd ta toshe Nilu tun kafin a san madatsa. Gaskiya ne. Sojojin da Sarkin Rum Nero ya tura neman mafarin Nilu a ƙarni na farko na Miladiyya sun dawo da labarin wata fadama da ba ta ratsuwa. A 1870 Samuel Baker, wanda Khedive Isma'il na Masar ya tura kudu da jiragen ruwa, ya tarar da kogin a rufe, ya yi watanni mutanensa suna sarar ciyawa suna jan jirage da igiya. A 1880 Romolo Gessi ya maƙale a Bahr al-Ghazal da jirginsa, ɗaruruwan mutanen da ke tare da shi suka mutu da yunwa. Sai a farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka buɗe hanyar da aikin ƙarfi. Ba wanda zai ce wannan toshewa aikin ɗan Adam ce. Amma akwai abu biyu a nan. Na farko, toshewar ta zama bala'i ne ga manyan jiragen da suke son wucewa kai tsaye daga Khartum zuwa kudu; mutanen da ke zaune a wurin da ƙananan kwalekwalensu suna kamun kifi suna kiwo a cikin wannan fadama tun ƙarnoni. Na biyu, maganin da ya yi aiki shi ne buɗe hanya guda da kula da ita, domin zirga-zirgar jirage kanta tana hana ta sake rufewa. A fadamar Okavango ta Botswana dorinai ne suke wannan aiki da ƙafafunsu, kuma idan bardi ya toshe wata hanya gaba ɗaya, kamar yadda ya yi wa reshen Thaoge a ƙarshen ƙarni na 19, ruwan yakan fasa sabuwar hanya ya raya wani yanki. Saboda haka hujjar tana nuna cewa akwai wuraren da sarar bardi wajibi ce, a bakin gada, a mashigar famfo, a hanyar jirgi. Ba ta nuna cewa fadamar ce gaba ɗaya ya kamata a kawar ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, domin magana ce ta ruwan sha da abinci. Kusan rabin ruwan da Farin Nilu yake shigarwa Sudd ba ya fita ta ɗaya ɓangaren, rana da tsirrai suna ɗauke shi sama. Ga injiniya a Alƙahira, wanda ƙasarsa ba ta da wani kogi sai wannan, wannan asara ce tsagwaronta. Yarjejeniyar 1959 ta ba Masar kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan biliyan 18.5, ta kuma tanadi cewa za su raba duk ruwan da aka ceto daga fadamun kudu. Daga nan aka fara haƙa magudanar Jonglei a 1978, mai tsawon kilomita 360, don ta kewaye fadamar. An haƙa kimanin kilomita 240 kafin yaƙin basasa ya tsayar da aikin a 1984, kuma tun a 1974 an yi zanga-zanga a Juba a kan shirin. Abin da lissafin injiniyan bai ɗauka ba shi ne abin da ruwan yake yi kafin ya tashi sama: shi ne yake tsirar da ciyawar rani ga miliyoyin shanu, shi ne matattarar kifi, shi ne abin da namun daji suke yin ƙaura dominsa. Wurare biyu sun riga sun gwada zuƙe fadama, kuma sakamakon a rubuce yake. A kwarin Hula da ke arewacin Isra'ila ta yau, an zuƙe tafki da fadama tsakanin 1951 da 1958 don noma. Baƙar ƙasar da ruɓaɓɓen bardi ya tara ta bushe, ta riƙa lotsawa, wuta ta riƙa ci a ƙarƙashinta, abubuwan da fadamar take tacewa suka gangara Tafkin Ɗabariyya, har a shekarun 1990 aka mayar da ruwa wani ɓangare. A Ruwanda, noma da yanke magudanu sun lalata fadamar Rugezi, wadda take shayar da tafkunan Burera da Ruhondo. A 2004 ruwan tafkunan ya yi ƙasa, tashoshin lantarki na Ntaruka da Mukungwa suka kasa, ƙasar ta koma sayen man dizal don janareta, sai da gwamnati ta hana noma a cikin fadamar ta cike magudanun kafin ruwan ya dawo. Fadama tana shan ruwa, haka ne, amma tana riƙe na damina ta sake shi a hankali da rani.

Sai maganar cuta. An daɗe ana haɗa fadama da zazzaɓi, kuma ba a rasa dalili ba: akwai nau'in sauro da tsutsarsa take manne wa saiwar tsirran ruwa, akwai katantanwar da ke ɗauke da tsargiya a gefen ruwa mai zama. Amma sauron da ya fi yaɗa zazzaɓin cizon sauro a Afirka ya fi son ƙananan kududdufai masu ɗumi da rana take duka, irin waɗanda ake samu a sawun shanu da kwarin kunya, ba ruwa mai inuwa da sanyi na cikin bardi ba. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000 a kan yankin Kabale mai tsaunuka a Uganda ya nuna cewa ƙauyukan da ke gefen fadamun da aka sare aka noma sun fi na gefen bardi ɗumi, kuma ɗumin yana taimaka wa sauro da ƙwayar cutar. A birnin Kampala kuwa, fadamar Nakivubo ce take karɓar ƙazamin ruwan birni kafin ya shiga mashigin Murchison na Tafkin Victoria, kusa da inda ake ɗibar ruwan famfon birnin. Bardi yana tsotse takin da ke cikin ruwan, yana rage masa gudu har datti ya kwanta. Da gine-gine da gonakin gwaza suka cinye fadamar, sai tace ruwan famfo ya ƙara wuya da tsada. A yammacin Kenya ma, fadamar Yala ta kare Tafkin Kanyaboli, inda wasu ƙananan kifaye da giwan ruwa ya kusa ƙararwa a Tafkin Victoria suka tsira.

Akwai suka guda da dole a karɓa ba gardama. Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi bardi ne a Afirka, inda yake da abokan zama da suka san shi: dorina mai tattake shi, ƙwari masu cinsa, wutar rani, da mutanen da suke sararsa. Idan aka ɗauke shi aka kai wata nahiya, lissafin ya canja. Masu sayar da furanni sun yaɗa shi duniya don ado a bakin tafkunan gidaje, kuma ya tsallake shinge ya zauna a daji a jihohin Florida da Hawai na Amurka, da gabashin Ostireliya, inda ake lissafa shi cikin tsirran da ke barazana ga fadamun ƙasar. A can ba sai an gina madatsa ba; fadama mai ruwan dindindin da ɗumi tana nan tana jira, tsirran wurin kuma ba su saba gasa da mai tsawon mita biyar ba. Afirka ta ɗanɗani irin wannan daga ɗaya ɓangaren. Wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure da ta fito daga Kudancin Amurka ta shiga Tafkin Victoria a ƙarshen shekarun 1980, ta rufe tasoshin jirage da wuraren su, ba ta ja da baya sosai ba sai da aka kawo ƙwarin da ke cinta a ƙasarta. Wannan ya nuna iyakar hujjarmu, ya kuma ƙara mata ƙarfi ta wata hanya. Tambaya biyu ce ake yi wa kowane tsiron fadama da ya yi yawa: ɗan gida ne ko baƙo, kuma an taɓa ruwan ko ba a taɓa ba. Baƙo a hana shi shiga, idan ya shiga a tumɓuke shi tun yana kaɗan. Ɗan gida da ya fi ƙarfin wurinsa kuwa alama ce ta wani abu da aka yi wa kogin.

Wasu masu kyakkyawar niyya suna ganin mafita ita ce a mayar da ciyawar dukiya. Tarihi yana goyon bayansu zuwa wani matsayi. Budumawan Tafkin Chadi sun daɗe suna ɗaure bardi su yi jirgin da suke kira kadai, kuma ƙwarewarsu ta kai har Thor Heyerdahl ɗan ƙasar Norway ya ɗauko maƙera jirgi daga Chadi a 1969 suka ɗaure masa jirgin Ra a gindin dalar Giza, da bardin da aka kawo daga Tafkin Tana na Habasha, inda har yau ake amfani da irin waɗannan jirage. A Uganda da Kenya dubban gidaje suna ci daga saƙar tabarma da kujeru da jinka. A ƙauyen Ƙaramus na Masar ana noma shi don takardar da ake sayar wa masu yawon buɗe ido. A bakin kogin Senegal ana yin gawayi da kachala don a rage sarar itace. Duk wannan alheri ne, kuma ya kamata a ƙarfafa shi. Sai dai kada a ɗauke shi magani. Inda ruwa ya zauna, tsiron yana girma fiye da abin da kasuwar tabarma ko gawayi za ta iya ɗauka, kuma sara a cikin ruwa aiki ne mai wuya da haɗarin tsargiya. Inda kuma mutane suka yi yawa fadamar ta yi kaɗan, kamar gefen Tafkin Naivasha na Kenya da kewayen Kampala, matsalar ta zama ta ƙarewar bardi, domin sara a kai a kai ba hutu tana raunana saiwar. Sana'a tana iya daidaita fadama mai lafiya, amma ba ta iya gyara wadda aka ɓata wa ruwa.

Idan aka tattara shaidun, bardi ya kusa ɓacewa a Masar da aka janye ruwa, ya bazu a Sudd da ruwa ya ƙaru, ya tsaya a kudancin Tafkin Chadi inda kanwa ba ta yi yawa ba, kachala kuma ta cinye Haɗeja da bakin kogin Senegal bayan madatsu sun hana ƙasa bushewa. A wajen Afirka kaɗai ne za a iya cewa tsiron da kansa ne matsalar, can ma mutum ne ya kai shi. Abin da wannan yake nufi ga masu riƙe da madatsu a bayyane yake. Sakin ruwa ya riƙa kwaikwayon kogin na asali gwargwadon iko: ambaliya mai ƙarfi da damina don ta wanke hanyoyi, da 'yan watannin bushewa da rani don saiwa ta mutu, tare da shawara da manoma da masunta da makiyayan da ke ƙasa da madatsar, domin kowane canji akwai wanda zai ji a jikinsa. Yasar hanyoyi da sarar ciyawa su zo bayan wannan, a wuraren da aka zaɓa. Fadamar bardin da ta rage da lafiyarta kuwa a bar ta, domin mayar da ita bayan an zuƙe ya fi tsada nesa ba kusa ba. Duk hukumar da ta zo da kasafin sayen injin sara, a fara tambayarta jadawalin sakin ruwanta.